Birged Mai Aron Dakaru: Yadda Rundunonin Zamani Ke Tsara Masu Tallafa wa Mayaƙa

Wanda ya duba tsarin sojan ƙasa na Amurka, kamar yadda aka sake masa fasali daga 2004, zai ci karo da wani abu mai ɗaure kai. Ga birged guda da kanar ɗinta da tutarta da lambarta, amma in aka ƙirga sojojin da suke nata na kanta, shalkwata ce da 'yar bataliya guda mai yi wa shalkwatar hidima, shi ke nan. Motocin dakon da aka san ta da su ma ba mallakinta ba ne. Amma ranar da aka tura ta fagen daga, sai ka iske dubban sojoji a ƙarƙashin wannan kanar: direbobi, makanikai, masu rabon harsasai da mai, duk an tsinto su daga barikoki daban-daban, wasunsu ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Haka aka tsara birged ɗin samar da guzuri, ɗaya daga cikin birged-birged iri biyar da aka kira masu tallafi ta fuskoki da yawa.

Kafin a yi nisa, gara a san matakan. Kamfani a soja yakan kai mutum 100 zuwa 200. Kamfanoni kaɗan su ke yin bataliya, wadda laftanar kanar ke riƙewa. Bataliyoyi su haɗu su yi birged, mai mutum 3,000 zuwa 5,000, a hannun kanar a Amurka, a hannun birgediya a Birtaniya da ƙasashen da suka gaji tsarinta. Sama da ita sai dibishin, wadda manjo janar ke jagoranta da mutum 10,000 zuwa 20,000.

Tun daga Yaƙin Duniya na Biyu har ƙarshen yaƙin cacar baka, dibishin ce uwa ma ba da mama. Manyan bindigogi nata ne, injiniyoyi nata ne, masu sadarwa da 'yan leƙen asiri da motocin dako duk nata ne, suna ƙarƙashin sassan da ke amsa wa janar ɗinta kai tsaye. Birged ɗin mayaƙa ba ta iya tafiya ko nan da can sai an yanko mata nata kason daga waɗannan sassa. Tsarin ya dace da yaƙin da aka shirya masa, wato karon batta da Tarayyar Sobiyet a filayen Jamus, inda kowa ya san wurin da zai tsaya da rumbun da zai ɗebo kaya. Matsalar ta fito ne da aka fara tura sojoji wuraren da ba a shirya ba. In ana buƙatar birged guda a wata ƙasa, sai an farke dibishin, a ɗauki wannan yanki a bar wancan, ragowar da aka bari a gida kuma ta zama ba ta da amfani har sai 'yan'uwanta sun dawo.

Abin da ya faru a Albaniya a 1999 ya zama abin kunya da hafsoshin Amurka suka daɗe suna tunawa. Jirage masu saukar ungulu 24 samfurin Apache aka so a kai don yaƙin Kosobo, amma kafin a haɗa musu masu gadi da masu gyara da makaman kariya, tawagar ta kai wajen mutum 5,000, aka kwashe makonni ana jigila. Jiragen ba su harba ko harsashi ɗaya a yaƙin ba, biyu kuma suka faɗi a wajen atisaye. Sai ga Afganistan a 2001, ga Iraƙi a 2003, yaƙe-yaƙen da suka ƙi ci suka ƙi cinyewa, ana buƙatar birged ta je ta yi shekara, wata ta canje ta. Janar Peter Schoomaker, wanda aka dawo da shi daga ritaya a 2003 ya shugabanci sojan ƙasa, shi ya ɗauki wuƙa ya yi wa tsarin fiɗa. Aka kwashe igwa da injiniyoyi da 'yan sintiri da bataliyar tallafi aka cusa su cikin kowace birged ɗin mayaƙa, ta zama mai cin gashin kanta, aka kuma shirya ƙara yawan irin waɗannan birged daga 33 zuwa 43. Dibishin ta 3 ta sojan ƙasa ce aka fara gwajin a kanta a 2004.

To amma akwai abubuwan da ba za su rabu ba. Ba kowace birged za a ba jirage ɗari ba, ba kuma kowace za a ba rokoki masu cin dogon zango ko ɗaruruwan manyan motoci ba. Waɗannan sai aka tara su cikin birged-birged na tallafi, aka cire su daga mallakin dibishin, aka ce duk kwamandan da aikinsa ya buƙace su a ba shi aro. Iri biyar aka yi: ta jiragen sama, ta manyan bindigogi da rokoki, ta sa ido a fagen daga, ta share wa mayaƙa hanya da tsare musu baya, sai ta guzuri. Abin da ya raba su da birged mai sana'a ɗaya, irin ta 'yan sandan soja zalla ko ta likitoci zalla, shi ne shalkwatarsu. An zuba mata hafsoshi masu sana'o'i daban-daban domin ta iya karɓar kowace irin bataliya aka jona mata, ta san yadda za ta sa ta aiki. Kai ne aka ƙera da kyau, gangar jiki kuwa ana ɗinka masa ita gwargwadon aikin da ya taso.

Birged ɗin guzuri ta fi cancantar a zauna a kanta, don a nan ake gane dalilin duk wannan wahala. Ɗauki tankar yaƙi samfurin Abrams. Nauyinta ya haura tan 60, injinta irin na jirgin sama ne, tankin manta na cin kusan lita 1,900, kuma ko tana tsaye wuri ɗaya, muddin injin na kunne, zuƙar mai take yi. Birged ɗin sulke guda tana da irinta 87 a tsarin da aka daɗe ana bi. A lissafa: cika su sau ɗaya ya haura lita 165,000. Motar dakon mai da ke bin su cikin daji tana ɗaukar wajen lita 9,500, wato tankoki biyar take shayarwa ta ƙafe. Ke nan ana buƙatar irinta goma sha bakwai ko sha takwas don cika tankoki kaɗai, sau ɗaya, ba a zo kan motocin sulke masu ɗaukar sojoji da igwa da janareto ba, ba a kuma yi maganar man da motocin dakon suke sha da kansu ba. Bataliyar tallafin da ke cikin birged ɗin mayaƙa tana riƙe da abin da zai kai su kamar kwana uku. Daga nan in ba a kawo ba, tanka ta zama tulin ƙarfe. An ga haka a ƙarshen Agustan 1944, lokacin da tankokin Janar George Patton suka tsaya cik a gabashin Faransa, Jamusawa na gudu a gabansu, su kuwa babu mai.

Sojan Amurka ya kasa kayan da ake kai wa dakaru gida goma. Na ɗaya abinci, na uku mai, na biyar harsasai, na takwas magunguna, na tara kayan gyara, kuma a bakin masu wannan aiki lambar ake kira, ba sunan kayan ba. Kowane aji da halinsa. Abinci ana iya ƙiyasta shi da yawan bakuna. Mai yana bin tafiya. Harsashi kuwa ba shi da tabbas, yau a yi shiru, gobe a harba na mako guda kafin azahar. Kayan gyara sun fi kowanne ciwon kai, domin dubban ƙananan abubuwa ne, kuma rashin guda ɗaya da bai fi tafin hannu ba kan kwantar da motar miliyoyi. Aikin shalkwatar birged ɗin guzuri shi ne ta hango wannan buƙata kwana biyu ko uku kafin ta zo, ta karɓi kaya daga tashar jiragen ruwa ko ta sama, ta raba wa bataliyoyinta, su kuma su kai wa bataliyar tallafin kowace birged, daga can kamfanonin gaba su ƙarasa da shi bakin daga. Bataliyoyin da ake jona mata sukan kama daga uku zuwa bakwai, kuma su ma haɗin gambiza ne: kamfanin motoci, kamfanin mai, kamfanin harsasai, kamfanin gyara. Har albashi da wasiƙu da kula da gawarwakin waɗanda suka mutu suna cikin aikinta.

Tara kaya da yawa bai isa ba, sai an san inda kowane yake. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 an jibge kwantenoni wajen 40,000 a Saudiyya, aka wayi gari sai an buɗe kusan rabinsu kafin a san abin da ke ciki. Shi ya sa shalkwatar zamani ta cika da masu kwamfuta da ke bin sawun kowace kwantena, aikin da ba ya burge kowa a hoto amma ya fi motoci ɗari amfani.

Akwai kuma darasin da aka koya da jini. Ranar 23 ga Maris 2003, ayarin kamfanin gyara na 507 ya ɓace hanya ya faɗa cikin birnin Nasiriyya a kudancin Iraƙi. Makanikai ne da masu dafa abinci da akawu, bindigogin wasunsu suka cije saboda ƙura. An kashe sojoji 11, aka kama wasu, ciki har da Jessica Lynch da labarinta ya zagaye duniya. Mayaƙa sun yi gaba da gudu zuwa Bagadaza, sun bar ɗaruruwan kilomitoci na hanya a bayansu, kuma wannan bayan ba shi da mai shi. A shekarun da suka biyo baya, nakiyoyin gefen hanya sun mayar da direban motar dako ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shiga haɗari a Iraƙi.

Wannan giɓi shi birged ɗin share hanya da tsare baya ta zo cikewa, kuma a ganina ita ce mafi ban sha'awa a cikin biyar ɗin, ko da yake ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ana jona mata injiniyoyi, 'yan sandan soja, masu maganin makamai masu guba, wani lokaci da bataliyar mayaƙa guda don korar duk wanda ya kutso. Ita kaɗai a cikin birged-birged na tallafi aka tsara ta yadda za a iya yanka mata yanki a taswira a ce wannan ƙasar taki ce, ki tsare ta. Tana gyara hanya, tana cire nakiya, tana tsara wace mota za ta wuce da wane lokaci, tana tsare fursunonin yaƙi, tana kula da farar hula masu gudun hijira don kada su toshe hanyar ayari.

Ƙetare kogi shi ne babban gwajinta. Ana buƙatar masu shimfiɗa gadar wucin gadi, masu tayar da hayaƙi don rufe idon abokan gaba, masu harbo jirage, 'yan sandan soja da za su riƙe motoci a ɓoye nesa da gaɓa suna sako su kaɗan-kaɗan, da igwa da za ta danne ɗaya gaɓar. Duk a sa'a guda, duk a hannu guda. In ɗaya ya makara, sauran sun zama nama. A watan Mayun 2022 sojojin Rasha sun yi ƙoƙarin ƙetare kogin Sibaski Donets kusa da ƙauyen Bilohoribka a gabashin Yukren. Motoci suka cunkushe a bakin gada, jirage marasa matuƙa suka hango su, igwa ta yi musu ruwan wuta, gomman motocin sulke suka ƙone a wuri ɗaya. Gada kam an shimfiɗa ta, abin da ke kewaye da gadar ne ya gaza.

Sauran ukun ba sa buƙatar dogon bayani. Birged ɗin jirage ita ce ta fi kama da birged ta gaske, don jiragenta nata ne: fiye da ɗari, Apache na kai hari, Black Hawk na ɗaukar sojoji da masu rauni, Chinook na manyan kaya, da jirage marasa matuƙa. Ta manyan bindigogi tana riƙe da rokoki irin su HIMARS da na'urorin rada masu gano inda aka harbo harsashi don a mayar da martani. Ta sa ido kuwa ba ta yi tsawon rai ba. An haɗa 'yan sintiri da masu tattara bayanan sirri a inuwa ɗaya, auren bai yi albarka ba, cikin shekara goma da 'yan kai aka raba shi, aka mayar da wasunsu birged-birged na leƙen asiri zalla.

Da yake aro ne tushen tsarin, sai da aka yi wa aron kansa dokoki, kuma a nan rigima take. Akwai rundunar da aka ba ka ɗungurungum, cinta da shanta da horonta duk a wuyanka. Akwai wadda aka ba ka ikon sa ta aiki da sake mata tsari, amma uwar gidanta ce ke ciyar da ita. Akwai wadda iyakarka ka nuna mata inda za ta je da abin da za ta yi a wannan aikin kaɗai. Sannan akwai wadda ba a ba ka ita ba sam, an dai ce ta tallafa maka: ko dai kai kaɗai take saurare, ko kuma tana yi wa kowa da kowa hidima bisa jerin fifikon da babban kwamanda ya tsara. Mai karatu na iya ɗauka wannan wasa da kalmomi ne na masu ofis. Amma da tsakar dare, in kanar biyu suna neman motocin mai guda goma da suka rage, layin da aka rubuta a takardar umarni shi ke yanke wanda zai samu. Kowane kwamanda yana son a ba shi nasa ya riƙe, babban kwamanda kuwa ya san in ya raba komai ba abin da zai rage masa na juya yaƙi.

Inda tsarin ya fi nuna kyansa shi ne wurin da babu harbi. A 2014, da cutar Ebola ta addabi Laberiya, Amurka ta tura sojoji kusan 3,000 a ƙarƙashin shalkwatar dibishin ta 101. Birged-birged ɗinta na mayaƙa suna gida. Waɗanda suka je su ne birged ɗin guzuri da injiniyoyi da likitoci da jirage, suka gina cibiyoyin jinya, suka horar da ma'aikatan lafiya, suka yi jigilar kaya. Masu tallafi suka zama su ne masu aikin. A tsohon tsari da sai an yi ta faci kafin a haɗa irin wannan tawaga.

Sai dai Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Kanar da ya karɓi bataliyoyi biyar a filin jirgi bai san wanne laftanar kanar ne mai cika alkawari ba, bai san wanne ne ke cewa komai lafiya alhali rabin motocinsa na kwance ba. Janar ɗin dibishin shi ma bai san kanar ɗin ba. A Iraƙi da Afganistan an iya jure wannan, saboda sansanoni a kafe suke, hanyoyi sanannu ne, ga 'yan kwangila farar hula da suka ɗauke kaso mai yawa na dako da girki da gyara. Akwai lokacin sabawa da juna. Yaƙi da babbar ƙasa ba ya ba da wannan lokaci. Masu igwa su suka fara kuka: da aka watsa bataliyoyinsu cikin birged-birged na mayaƙa, aka kuma sa da yawansu sintiri da gadi a Iraƙi, sai fasahar haɗa wutar bindigogi da yawa a kan wuri ɗaya ta fara zubewa. A 2014 aka dawo da shalkwatar igwa ta dibishin, wadda aka rushe shekara goma da suka wuce. A 2015 aka ɗaura mafi yawan birged-birged na guzuri na rundunar dindindin, kowace da wata dibishin, ta ɗauki sunanta da tambarinta, daga baya ma aka ba ta bataliyar dako tata ta kanta. A shekarar ce kuma aka rufe birged-birged na share hanya da suka rage a rundunar dindindin, aka bar aikin a hannun dakarun jihohi da na ajiya, waɗanda sai an kira su daga gidajensu kafin su fito. Wannan mataki na ƙarshe, ni dai ban ga hikimarsa ba: aikin da ya fi buƙatar sabo da atisaye tare, shi aka ajiye a inda tara mutane ya fi ɗaukar lokaci.

Sauran manyan ƙasashe kowace ta ɗauki abin da ya yi mata. Sin ta bi hanyar mallaka maimakon aro. A garambawul ɗin 2017 ta rage manyan rundunoninta na ƙasa daga 18 zuwa 13, masu lamba 71 zuwa 83, ta ba kowace birged-birged na mayaƙa kamar shida, da nata na tallafi: igwa, kariyar sama, jirage, dakaru na musamman, injiniyoyi da masu maganin guba, da masu hidima. A bayansu kuma akwai rundunar guzuri ta haɗin gwiwa da aka kafa a 2016, mai shalkwata a Wuhan. Birtaniya, da sojanta ya ƙanƙance, tana da birged-birged na guzuri masu lamba 101 da 102 da 104, a 2022 kuma ta haɗa 'yan sintiri da rokoki masu dogon zango a birged guda, wato mai gani da mai harbi su kwana a ɗaki ɗaya.

Rasha ce ta ba duniya darasin da ya fi tsada. Tana da birged-birged na kayan aiki da gyara, amma ƙashin bayan guzurinta jirgin ƙasa ne, har runduna guda take da ita ta masu aikin dogo. Motocinta an ƙiyasta su ne don ɗan zangon da ke tsakanin tashar jirgi da bakin daga. A Nuwamban 2021, wata uku kafin Rasha ta mamaye Yukren, wani hafsan Amurka mai suna Alex Vershinin ya yi lissafi ya nuna cewa da wuya motocin su iya ciyar da farmakin da ya wuce mil 90, wajen kilomita 145, daga rumbunan kaya. A farkon Maris 2022 duniya ta ga ayarin motocin sojan Rasha mai tsawon kilomita 60 da ɗoriya a arewacin Kiyef, babban birnin Yukren, ya kafe a kan hanya kwana da kwanaki, ga ƙarancin mai, ga motoci da suka lalace, ga kwanton ɓauna, ga taɓo a gefen titi da ya hana kaucewa. Kafin mako na farko na Afrilu ya ƙare sun janye daga yankin.

Da HIMARS ya isa hannun Yukren a watan Yunin shekarar, mai jefa roka kilomita 70 zuwa 80 ta faɗa inda aka nufa, sai manyan rumbunan harsasai suka fara tashi da wuta ɗaya bayan ɗaya. Dole Rasha ta ja su baya ta kuma warwatsa su. Lissafin mai sauƙi ne: in nisa ya ninka, motar da ke yin sawu biyu a yini ta koma ɗaya, sai a nemo ninkin motoci da direbobi da mai don a kai abin da ake kaiwa jiya. Yanzu ƙananan jirage marasa matuƙa sun ƙara dagula lamarin, har ta kai ga a kilomitocin ƙarshe kafin ramukan daga, ɓangarorin biyu suna kai ruwa da harsashi da babura, da ƙananan motoci marasa direba, wani lokaci da jirgi maras matuƙi ya sako ƙunshi daga sama. Shalkwatar birged ɗin tallafi kanta, mai tantuna da janareto da eriya birjik, ta zama abin da ake hangowa daga nesa ta zafin da take fitarwa da siginar rediyonta. Abin da ake gwadawa a filayen atisaye yanzu shi ne a sare ta gida uku ko huɗu, kowane yanki cikin 'yan motoci kaɗan, a tashi a sauya wuri kafin a gano shi, a kuma koya wa direban motar mai yadda zai harbo abin da ke shawagi a kansa.